Ranar da Trofim Ya Talauta Garinmu

Ƙanina Trofim wata uku kacal ya yi a Jamus, yana tsinkar kokwamba a gonar wani, amma ya dawo mana kamar shi ya kafa ƙasar. In ka ce masa miya ta yi gishiri, sai ya gaya maka yadda ake sa gishiri a can. Ni na goya shi, ni na share masa hanci, ina ƙaunarsa har cikin raina. Sai dai ƙauna ba ta hana faɗin gaskiya: bakinsa yana gaba, hankalinsa yana biye a ƙasa da sanda.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce ta uku da ruwan sama ya juya wa garinmu Culineni baya. Masara ta tsaya iya gwiwa ta bushe a tsaye. Inabi ya yanƙwane a jikin itacensa. Cikin rijiyoyi goma sha huɗu na garin saura ɗaya, a can ƙasan kwari, ita ma sai ka zauna ka jira ta tara guga ɗaya kamar mai tatsar tsohuwar akuya. Motar tanki tana zuwa Talata da Juma'a, in ta ga dama.

Sai ga takarda ta zo wa mai garinmu, Ilarion. Wata ƙungiyar agaji ta ƙasashen yamma za ta haƙa rijiyar burtsatse mai zurfi, da tanki a samanta. Guda ɗaya tak. Ko dai a Culineni, ko a Mohoreni, maƙwabtanmu na bayan tudu. Ranar Alhamis za su zo su duba garuruwan biyu su ga wanda ya fi buƙata. Tare da su kuma akwai wani tsohon soja na ƙasarsu, mai zagaya ƙauyukan bakin iyaka yana duba irin kayan tsaron da ya kamata a taimaka da su.

Ranar Lahadi bayan coci aka taru a zauren taro. Ilarion bai kai ƙarshen takardar ba Trofim ya miƙe.

"Ajiye ta, Ilarion. Ni na san mutanen nan, na ci abinci da su."

"A gindin motar kokwamba," in ji Zina matarsa daga baya.

"Abinci dai abinci ne. Ku saurara. Abu biyu ne ke buɗe musu hannu, tausayi da tsoro. Mutanen Mohoreni za su nuna musu busasshiyar rijiya. Wa bai taɓa ganin busasshiyar rijiya ba? Mu talauci za mu nuna musu, na gani na faɗa. Sannan mu nuna wa sojan nan cewa muna cikin haɗari. Ba rijiya kaɗai ba, har mota za su bar mana, da ɗan jirgin nan mai tashi ba direba."

Na ce, "Mu ai talakawan ne, Trofim. Me kuma za mu ƙara?"

"Yaya Profira, kin talauce amma ba ki iya talauci ba. Ƙofar gidanki fes, labulenki da guga, furanni a taga. Wa zai ji tausayinki?"

Ilarion mutum ne mai son zaman lafiya, duk wanda ya fi ɗaga murya shi ne mai gaskiya a wurinsa. Kafin a tashi, Trofim ya naɗa kansa kwamandan tsaro da talauci, ya kafa dokoki. Ba wanda zai shafa wa katanga farar ƙasa. Ba za a tarbi baƙi da burodi da gishiri ba. A naɗe dardumai a ɓoye. A kwashe dabbobin garin duka a kulle a zauren taro, kada a ga muna da ko kaza. Kowa ya sa tsumma. Babbar dokar kuma, kada hayaƙi ya tashi daga murhun kowa ranar Alhamis.

Maza suka gyaɗa kai. Mu mata muka dubi juna, kuma da Trofim yana da wayo da kallon nan ya fi ba shi tsoro.

Ranar Litinin ya bi layi da bokitin toka da kashin shanu yana yaɓa wa katangun mutane. Da gari ya waye Talata, katangun sun koma fari fat. Ya tsaya a ƙofar kumatra Frosia, haka nake kiranta don ita ce ta riƙe ɗana na fari ranar baftisma, yana huci.

"Frosia, wa ya shafe katangar nan?"

"Ni ma haka na tashi na gani."

"Ga farar ƙasa nan a gwiwar hannunki."

"Tsufa ne. Kai ma yana nan zuwa maka."

Da ruwan wanke-wanke muka kwaɓa farar ƙasar, ruwan da ya kamata mu ba tumatir. Amma a ce baƙo ya zo daga wata ƙasa ya ga katangarka da kashin shanu? Gara tumatir ya haƙura.

Maganar tsumma ma ta zo da gardama, don a garinmu ba tsumma. Duk rigar da ta mutu, mata sun yanka ta sun saƙa shimfiɗar ƙasa da ita. Trofim ya ce shi zai nuna misali. Ya tafi gonar inabi ya tuɓe wa mutum-mutumin korar tsuntsaye kwat ɗinsa ya zura. Ashe rina sun yi gida a aljihun ciki. Mun ga ya fito daga gonar yana wata irin rawa da ko a bikinsa bai yi ba. Leɓensa na ƙasa ya kumbura ya yi kamar dankalin turawa.

"Madalla," ya ce, da ƙyar maganar ke fita. "Za su ɗauka cutar yunwa ce."

"Yunwa ba ta kumbura leɓe ɗaya," in ji Zina. "Bari in daidaita maka na sama."

Laraba aka kwashe dabbobi. Tumaki, awaki, agwagi, talo-talo, kaji, da saniyar Ilarion, duk aka tura su zauren taro aka ɗaure ƙofa da waya. Kafin yamma awaki sun cinye labulen dandali har iya inda bakinsu ya kai, talo-talo sun hau kujerun manyan baƙi sun zauna. Ruwan da aka ajiye musu kwano uku ne, suka zubar da biyu a faɗan farko.

Sai ɓangaren tsoro. Akwai wata bindigar gas da ake korar tsuntsaye da ita daga gonar inabi, ba ta da harsashi, ƙara ce kawai, amma ƙarar tana tashin gari. Trofim ya ɗora ta a kan amalanken ciyawa a gaban zauren, ya cire bututun hayaƙin murhun gidansa ya cusa a bakinta don ta yi kama da igwa. Ya ba Mosh Gavril aikin harbawa. Mosh Gavril shekararsa tamanin da ɗaya, ya yi soja tun ana yi da doki, kuma abin da ya wuce taku biyar duk inuwa ne a idonsa.

Saura wanda zai fito a matsayin ɗan fasa-ƙwauri mai tsallako iyaka. Ba wanda ya yarda, kowa yana da 'ya'yan da za su yi aure. Daga ƙarshe aka shawo kan Nikifor makiyayi, mijin Frosia, ƙato ne mai sanyin hali. Tsarin shi ne ya ɓuya a busasshen rafi tun da sassafe. Da ƙararrawar coci ta buga sha biyun rana, ya rufe fuska da safar mata, ya saɓa buhun ciyawa, ya haura zuwa gaban zauren. Mosh Gavril ya harba, Trofim ya yi tsalle ya kama shi a gaban baƙon soja.

"Kai za ka kama ni?" in ji Nikifor, yana kallonsa daga sama.

"Za ka faɗi da kanka, ni zan hau kai kawai. Kuma kada ka gaya wa Frosia, bakinta ba ya riƙe ko gishiri."

To, ga Alhamis. Baƙin sun fara da Mohoreni, suka iso mu wajen ƙarfe goma da rabi a farar mota. Su uku ne. Shugabarsu wata doguwar mace ce mai furfura da takalmin roba, Madam Berit. Sai tsohon sojan, jajir da shi, ga tumbi, ana ce masa Kanar. Sai tafinta, wani siriri daga babban birni Kishinau, mai tabarau.

Trofim ya tare su a bakin gari cikin kwat ɗin mutum-mutumi, ya miƙa wa Madam busasshiyar zangarniyar masara a kan tsohuwar jarida. Ilarion yana gefe yana kallon takalminsa. Tun da aka kafa garin nan ba a taɓa tarbar baƙo ba burodi da gishiri ba, na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa.

Madam ta karɓa ta yi godiya, ta ce ta bakin tafinta tana so a kai ta ta ga rijiyoyi.

"Rijiya ba gudu za ta yi ba," in ji Trofim. "Gaya mata a fara da talauci."

Ya ja su gidansa. Dama ya riga ya kwashe komai ya cusa a ɗakin baƙi ya kulle, ya bar tebur ɗaya tsirara a tsakar gida ƙarƙashin rumfar inabi, ya kifa bokitai a matsayin kujeru. Suka zauna. Ya fara ba su labarin yadda muke tafasa ɓawon itace mu sha, tafinta yana juyawa yana leƙen kumatun Zina, waɗanda ba su yi kama da na mai cin ɓawo ba. Rabin garin yana tsaye a bakin katanga. Zina tana jingine da ƙofa, fuskarta kamar garwashi.

A wurinmu ana cewa in baƙo ya tashi daga teburinka da yunwa, mamatanka ne za su zauna da yunwa a can. Ban san ko gaskiya ne ba, amma ba wadda ke son gwadawa da uwarta.

Ana cikin haka Trofim ya tsaya ya haɗiyi yawu, wuri ya yi tsit, sai cikin Kanar ya yi ƙugi. Dogon ƙugi, mai hawa da sauka. Bawan Allah ya dafe tumbi ya yi murmushin kunya.

Zina ta juya ta shige. Ta fito da faranti shaƙe da placinta, gurasarmu mai cuku a ciki, da ɗumi, ta dire a gabansa.

"Zina," in ji Trofim ta gefen kumburarren leɓe.

"Ka kashe ni daga baya. Yanzu matsa."

Ni kuma, gaskiya, tun asuba na yanka kazar da na ɓoye a ƙarƙashin gado, na yi farfesu da taliya a kan ɗan risho don kada hayaƙi ya tona ni. Na ce ko da wani abu zai taso. Ashe duk matan garin kowacce ta yi nata ko da wani abu zai taso. Da labari ya bi layi cewa Zina ta fitar, sai ga mu ɗaya bayan ɗaya, kowacce da kwano a ƙarƙashin gyale. Mamaliga, tuwon masararmu, mai tururi, cukun tumaki, naɗin ganyen inabi da shinkafa da nama, gasasshen barkono, soyayyen zomo, tulunan ruwan inabi. Aka jona tebur na biyu, aka jona na uku. Wata ta fito da zanen tebur mai aikin hannu. Kujeru suka fito daga inda aka ɓoye su.

Madam Berit ta dubi teburin, ta dubi zangarniyar masarar da ke hannunta, ta yi magana.

"Tana tambaya," in ji tafinta, "wannan shi ne ɓawon itacen?"

Nan ne ya kamata ƙanina ya yi dariya ya ce an kama mu. Amma Trofim in ya faɗa rami, haƙa yake ƙarawa.

"Sadakar mamaci ce," ya ce. "Gaya mata duk abin da ya rage a garin ne muka harhaɗa. An yi mana mutuwa. Ƙishi ne ya kashe shi."

"Wa ya rasu?"

Trofim ya waiga yana neman wanda ba ya wurin. "Nikifor. Makiyayinmu."

Daidai lokacin Frosia ta shigo da tukunyar wake, ita ce ta ƙarshe don gidanta da nisa. Trofim ya nuna ta. "Ga ma matar marigayin." Yana ta ƙifta mata ido, amma da fuskar da rina suka gyara, ƙiftawar ta fi kama da kuka. Tafinta ya miƙe ya kama hannunta ya ce Allah ya jiƙan Nikifor, ya ba ta haƙuri.

Ku tuna, mijinta ya fita tun da sassafe bai ce mata ga inda za shi ba. Tukunya ta faɗi. Frosia ta zauna daɓas a ƙasa, ta warware ɗankwali, ta fara kukan mutuwa irin namu, wanda ake rerawa ana yi wa mamaci magana.

"Nikifor, Nikifor, wa ka bar wa tumaki? Wa ka bar wa ƙofar da ka ce za ka gyara shekara bakwai ke nan? Ka tafi da sabuwar safata da na nema na rasa, ka tafi ba ka ci karin kumallo ba, kai da ba ka taɓa ƙin abinci ba ko kana fushi."

Na durƙusa ina raɗa mata cewa ƙarya ce, yana nan da ransa, amma ta yi nisa, ta kai kan yadda ya taka mata ƙafa ranar bikinsu. Su kuma tsofaffin mata, tun da an ambaci sadakar mamaci a gaban abinci, ba a barin ta haka. Kafin ka ce me, an kawo burodin zobe da kyandir da tawul an miƙa wa kowane baƙo, kamar yadda ake yi. Kanar ya cire hula ya miƙe, kyandir a hannu ɗaya, placinta a ɗayan, ya yi jawabi kan mutanen kirki da fari ke ɗaukewa. Har idonsa ya kawo ruwa.

Sai ƙararrawar coci ta buga sha biyu.

Na ga fuskar Trofim ta canja. Ya manta da ɗan fasa-ƙwaurinsa. Ya tsallake katanga ya zura a guje zuwa zauren taro yana ɗaga hannu, wai ya hana. Zauren yana ƙarshen layin, muna hangen komai. Nikifor ya riga ya hauro daga rafi, safa a fuska, buhu a kafaɗa, yana tafiya a hankali kamar mai zuwa sayen taba. Mosh Gavril an ce masa in ya ga inuwa ta taho da sauri ya harba. Nikifor ba ya sauri. Trofim ne ke sauri.

Ƙarar ta girgiza tagogin coci. Bututun murhun nan kuwa shekara tara ba a share shi ba, duk kunkunniyar da ke ciki ta fito lokaci ɗaya ta sami Trofim a fuska da ƙirji. Bututun kansa ya tashi sama ya sauka a kan rufin kwanon zauren. Dabbobin da suka kwana a kulle cikin zafi da ƙishi suka ji tsawa a ƙofa, suka ji wata a sama, wayar ƙofa ta tsinke.

Saniyar Ilarion ce a gaba da sauran labulen dandali a ƙahonta. Tumaki na biye, awaki ta gefe, agwagi da kaji ta ƙasa da ta sama. Nikifor ya waiga ya gani, ya yar da buhu, a ranar muka san ashe ya iya gudu. Ya miƙo layi zuwa gidan Trofim, talo-talo huɗu suna saran ɗuwawunsa, a bayansu wani baƙin abu mai fararen idanu yana ihu, "Faɗi mana, Nikifor, yanzu ne za ka faɗi."

Kanar kuwa tun da ƙarar ta tashi ya shige ƙarƙashin tebur, ya ja Madam da tafinta. Aikinsa ne, ya iya. Da ya leƙo ya ga ƙato da rufaffiyar fuska ya faɗo tsakar gida, sai ya fito ya rungume ƙafafunsa, suka zube tare a cikin waken Frosia. Bai saki placintarsa ba, wannan na gani da idona.

Frosia ta tsaya da kuka. Ta dubi wandon mutumin, ta ga facin da ta yi da hannunta a gwiwa. Ta matsa ta fizge safar.

"Safata ce," ta ce. Sannan ta dubi fuskar. "Kai kuma me kake yi a raye?"

"Trofim ne ya ce..."

Ba ta bari ya ƙarasa ba, ta rufe shi da tawul ɗin sadakarsa. Tana duka tana kuka tana shafa kansa ta ga ko da gaske shi ne.

Tafinta ya fito daga ƙarƙashin tebur yana gyara tabarau. "A gafarce ni, wannan shi ne marigayin?"

"Ya ji sauƙi," in ji Zina.

Dabbobin kuwa suka bi ta kan tebur uku. Abin da aka kwana ana tattali ya tafi cikin ƙiftawar ido. Akuya ta tsaya a kan zanen aikin hannu tana cin ganyen inabi, agwagi suna iyo a farfesuna. Wani bunsuru ya hau kan farar motar ya ƙi sauka.

Da ƙura ta lafa, kowa ya yi tsaye ba mai kallon wani. Trofim ya iso yana tari, baƙi ƙirin, ya ƙame a gaban Kanar ya sara masa.

"Gaya masa mun daƙile hari."

Kanar ya share wake daga kunnensa ya yi magana a taƙaice. Tafinta ya ce, "Ya ce ya zagaya ƙauyuka ashirin a bakin iyakar nan, bai ga abin da ya ba shi tsoro ba sai yau, kuma kai ne. Ya ce taimakon tsaron da zai ba garin nan shawara ce: a mayar da bindigar gona, a mayar da bututun murhu, a ɓoye maka ashana."

Mutane suka fashe da dariya, har Ilarion. Ni ban yi ba, don ina kallon Madam Berit. Ta fito da romo har gwiwar hannu, gashin kaza a furfurarta, ba ta dariya ba ta fushi. Littafin rubutun da ta zo da shi yana rufe. Na san rijiya ta tafi.

Ta nuna hannuwanta, ta ce a taimaka mata da ruwa ta wanke. Ruwan inabi akwai tulu biyu da suka tsira, amma ruwa sai da Zina ta karkata randa ta ƙwalƙwale gindinta kafin ta sami kofi ɗaya. Na karɓa, na sa kwano a ƙasa, na zuba mata siriri kamar zare, yadda muke yi wa jikokinmu. Ta wanke. Na ɗauki kwanon zan kai wa gindin tumatir, agwagi suka taso mini kamar za su cinye ni, suna faɗa a kan ɗigon da ya zuba.

Ta tambaya ta bakin tafinta, tun yaushe muke haka.

Na ce, "Shekara uku. Gaya mata abincin nan da ta gani, na watanni ne muka juye a rana ɗaya, don ba ma iya kallon baƙo da yunwa. Wauta ce, amma tamu ce. Tsumma da mamaci da bindiga kuma na ƙanina ne, shi ma namu ne, ba yadda za mu yi da shi. In tana son ganin rijiya, ta biyo ni."

Ta biyo ni har ƙasan kwari, mu uku da tafinta. Ta jefa guga da kanta, ta jira, ta jawo rabin guga na laka. Ta daɗe tana kallonsa. Sai a lokacin ta buɗe littafin.

Bayan mako uku takarda ta zo. Rijiya ta Mohoreni ce. Su ba su yi komai ba, sun nuna busassun rijiyoyinsu, sun ba baƙi shayi da burodi, shi ke nan. Ilarion ya karanta a zauren da har lokacin yake warin akuya, mata suka fara neman abin jifa, Trofim ya matsa kusa da ƙofa. Sai Ilarion ya juya bayan takardar. Ƙungiyar za ta ba mu bututu daga tankin Mohoreni har tsakiyar garinmu, tafiyar kilomita huɗu ta kan tudu. Amma ba kuɗin motar haƙa. Madam ta ƙara da rubutun hannunta cewa garin da ya iya haɗa walima da jana'iza da yaƙi cikin kwana huɗu, zai iya haƙa rami.

Muka haƙa. Wata biyu da rabi, da diga da shebur, maza da mata, har Mosh Gavril yana zuwa ya zauna ya ba da umarni ga inuwoyi. Aka raba wa kowane gida nasa yanki, kuma ba tare da an yi shawara ba kowa ya yarda cewa ƙolin tudu, inda dutse yake, na Trofim ne. Hannunsa ya yi kanta, ƙugunsa ya riƙe, Nikifor yakan zo ya zauna a bakin ramin da tumakinsa ya ce, "Sannu da aiki, daga marigayi." Ni nake kai masa abinci, don Zina ta ce sai ta huce, kuma ba ta yi saurin hucewa ba.

Ranar da ruwa ya iso an fara sanyi. Famfon ya yi tari, ya tofar da iska da ja-jan ruwa, sannan ya miƙe fari tas. Ba a yi jawabi ba. Frosia ta tara hannu ta sha, ta wanke fuska, ta sake sha. Muka jera bokitai.

Trofim ya matso kusa da ni a layi, ya rage murya.

"Yaya, kin lura? Da ban tara su a gidana ba, da dabbobin nan ba su ɓata mata hannu ba. Da ba su ɓata ba, da ba ta nemi ruwa ba. Da ba ta nema ba, da bututun nan bai zo ba. Duk cikin tsarin ne."

Na buɗe baki zan wanke shi tas, na tsaya. Na bi maganar daga farko zuwa ƙarshe, na sake bi daga ƙarshe zuwa farko, ina neman inda zan ƙaryata shi. Abin haushi, ban samu ba.

Na ce, "Ɗauki bokitan nan biyu ka kai mini gida. In ka zubar da ko ɗigo, kai ne mamaci na gaba."

Ya ɗauka. Bai zubar ba.